Tsohuwar Bindiga a Hannun Maƙeri: Tarihin Gyara da Gado a Ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji

A gidajen mahalba na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, cikin jihar Maraɗi, akan tarar da tsohuwar bindiga wadda ake kira da sunan kakan gida, ana cewa ta wane ce. Amma in maƙeri ya kwance ta a gabansa, sau da yawa abin da ya rage na zamanin kakan bai taka kara ya karya ba. An sake ƙota, an sake kunama, wani lokaci ma bututun kansa ba shi ne na fari ba. Duk da haka babu wanda zai yarda a ce masa wata bindiga ce dabam. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi diddigin yadda wannan makami ya shigo ƙasar, da dalilan da suka sa gyara ya fi saye muhimmanci a tarihinsa, da kuma abin da ake miƙa wa yaro a ranar da aka gyara masa bindigar gidansu.

Abin da sunaye ke nunawa

Kalmomi uku manya na wannan fanni duk baƙi ne, kuma daga Larabci suka zo. Bindiga daga bunduƙiyya take, albarushi daga al-barud, harsashi kuwa daga kalmar da Larabawa ke kiran darma da ita. Wannan ya nuna ta wace fuska Bahaushe ya fara jin labarin abin, watau ta arewa da gabas, ta hanyar fataken Sahara da ta Barno, inda Mai Idris Aloma ya riƙe ƴan bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarshen ƙarni na 16. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, a matsayin sarkin da ya fara ajiye ƴan bindiga masu tsaronsa.

In aka bar manyan sunaye aka koma kan sassan bindigar da ayyukan da ake yi da ita, sai a ga Hausa ce zalla, kuma daga gona da daji aka ɗauko ta. Itacen da ake riƙewa ƙota ne, kamar ƙotar fartanya ko ta gatari. Ƙarfen da ke ɗaga kai ya sara kunama ne, don ya yi kama da ƙarin kunama. Dutsen da ke ba da tartsatsi ƙanƙara ne, irin wanda aka daɗe ana ƙyasta wuta da shi. Bindiga tana da baki, tana da gindi. Ana ɗura ta, kamar yadda ake yi wa jinjiri ɗurar kunu. Ana ɗana ta, kamar yadda ake ɗana tarko ko kibiya. Ana halba ta, kuma halbi aikin baka ne tun kafin a san albarushi. A karin harshen Gobir da Katsina da Maraɗi mahalbi ake cewa, inda Bakano zai ce maharbi, kuma kalmar ba ta sauya ba sa'ad da makamin hannunsa ya sauya. Ke nan bindiga ba ta zo da sabuwar sana'a ba. Ta tarar da gida ginanne ne, aka ba ta ɗaki a ciki.

Akwai kuma sunayen da jama'a suka laƙaba wa irin wadda ake ɗurawa ta baki: adaka, bindigar toka, baushe, da harba-ka-ruga. Na ƙarshen nan zolaya ce, amma akwai tarihi a cikinta, kamar yadda za a gani.

Zamanin yaƙi

Ƙasar da waɗannan gundumomi uku ke ciki yau ta samu siffarta ne daga abin da ya biyo bayan jihadin 1804. Birnin Katsina ya fita hannun sarakunan Haɓe wajen 1807, Alkalawa ta faɗi a 1808. Zuriyar sarautar Katsina ta yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Gobirawa a ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, cikin gundumar Gidan Rumji ta yanzu. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, hari da ramuwar hari ba su yanke ba tsakanin wannan ɓangare da ƙasashen daular Sakkwato.

Mai karatu zai zaci bindiga ce ke yanke hukunci a irin waɗannan yaƙe-yaƙe. Shaidar da ake da ita ba ta nuna haka ba. A watan Oktoba na 1826 Baturen Ingila Clapperton ya ga da idonsa harin da rundunar Bello ta kai wa Konya, inda Gobirawa suka yi sansani a lokacin. Cikin dubban mayaƙan da suka kewaye garin, bindigogin da ya ƙirga wajen 40 ne kawai, kuma ya bayyana yadda masu su ke matsowa su halba, sa'an nan su ruga baya inda kibiya ba ta kai wa, su sake ɗuri. Ga harba-ka-ruga nan tun kafin a haifi kakannin masu faɗinta yau. A cikin garin kuwa bindiga ɗaya tak Gobirawa ke da ita, amma mai riƙe da ita ya san aikinsa, har ya kayar da na gaban ƴan lifida, kuma garin bai ciwu ba a wannan karo. Abin lura a nan shi ne, ƙarancin bindiga ya sa darajarta ta rataya a kan gwanintar mutum ɗaya da kuma lafiyar ƙarfe ɗaya. In ta lalace babu wata a rumbu.

A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Gazawa a kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina. Ya tarar da gari mai kafi da gwalalo, wanda ke zaune cikin shirin yaƙi kullum, domin shi ne bakin iyakar ƙawancen Maraɗi da Gobir ta kudu. Daga Gazawa zuwa Katsina daji ne wanda ayari ba ya ratsa shi sai da fargaba, ga kufan Ɗankama a tsakiya, ga sawun giwaye a hanya. Wannan daji yaƙi ne ya haife shi. Manoma sun tashi daga ƙasar da babu mai iya kare su, itatuwa suka rufe gonaki, namun daji suka dawo. Shekarun da suka fi tsanani ga talaka su ne suka fi albarka ga mahalbi, kuma labaran giwa da ɓauna da gwanki da ake ji a gidajen mahalba suna da tushe a wannan zamani.

A rabin ƙarshe na ƙarnin bindigogi sun ƙaru. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubbansu ta hanyar Tarabulus, ya sa aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a Zinder. Maraɗi a zamanin Ɗan Baskore, wanda M. G. Smith ya sanya sarautarsa tsakanin 1854 da 1875, ta dogara ne ga dawaki da ƴan baka, ko da yake bindiga ba baƙuwa ba ce a fada. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a daular Sakkwato, ya nuna cewa sarakuna sun fi damƙa bindiga ga bayinsu, domin makami ne da ba a son ya yaɗu. Saboda haka mahalbin ƙauye ya ci gaba da kwari da baka. Yana da dalili kuwa. Kibiya mai dafin kwankwani ba ta da ƙara, ba ta buƙatar kuɗi, damina ba ta hana ta tashi, kuma kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri ɗaya ɗan baka ya saki kibau da dama.

Dokar da ta tsayar da agogo

A 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa wannan yanki daga yamma zuwa gabas, yana ƙone garuruwa, har shugabanninsa suka kashe Kanar Klobb a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, su ma sojansu suka kashe su bayan kwana biyu zuwa uku a wajen Maijirgi. A nan mutanen ƙasar suka ga aikin bindiga mai ɗurin gindi, wadda ke aman harsashi a kai a kai. Amma irin wannan bindiga ba a bar ta ta shiga hannunsu ba, domin tun ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai sun sa hannu a yarjejeniyar Brussels. Yarjejeniyar ta hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani a duk faɗin ƙasar da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, kuma ƙasar Hausa gaba ɗaya tana ciki. Abin da aka bari a sayar shi ne bindigar ƙanƙara mai sulɓin ciki, da albarushi na kasuwa.

Sakamakon wannan ya daɗe ƙwarai. Sojojin Turai sun bar bindigar ƙanƙara tun wajen 1840, amma masana'antun Liège a Beljiyam da na Birmingham a Ingila suka ci gaba da ƙera ta don kasuwar Afirka har cikin ƙarni na 20. Masu fasa dutse na garin Brandon a Ingila ma sun ci gaba da aiko da ƙanƙara Afirka ta Yamma shekaru da yawa bayan an daina neman ta a ƙasarsu. Ita ce doguwar bindigar nan da Turawan Ingila ke dangantawa da ƴan kasuwar Denmak na gaɓar Gwalkwas. Ta haka sunan ya zo daga arewa, kayan kuwa akasarinsu suka riƙa zuwa daga kudu, ta bakin teku, su hau zuwa Kano da Katsina, su ƙetare iyakar da aka shata tsakanin 1906 da 1908.

Gwamnatin mulkin mallaka ta ƙara nata. Dokar 4 ga Afrilu 1925 ta tsara sha'anin makamai a ƙasashen Afirka ta Yamma na Faransa, ta raba su kashi biyu: bindigogin kasuwa, da bindigogin zamani. Na biyun sai wanda hukuma ta yarda da shi, galibi sarakuna da ma'aikata da tsofaffin soja da manyan ƴan kasuwa. Su ne suka mallaki irin bindigar nan mai baki ɗaya ta kamfanin Manufrance na Saint-Étienne, wadda ake kira Simplex. Talaka kuwa ko ta kasuwa zai riƙe sai da takardar izini da harajin shekara. Sokhna Sané ta bi wannan tarihi filla-filla a littafinta na 2008. Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne, takarda tana bin bindiga ɗaya ne. Sayen sabuwa yana nufin komawa gaban kwamandan, gyaran tsohuwa kuwa tsakanin mutum ne da maƙerin garinsu. Kowa ya san wadda ta fi sauƙi. Ana iya cewa dokar da aka yi don a rage bindiga ita ce ta koya wa maƙeran ƙauye sana'ar rayar da ita.

A wannan zamani ne, da yaƙi ya ƙare kuma sarakuna suka daina tsare makamin a fada, bindiga ta shiga gidan mahalbi sosai. Ta dace da dabararsa kuwa. Bindiga mai sulɓin ciki ba ta da saiti daga nesa, amma mahalbin da ya ɗaura kan burtu a goshi, ya yi rarrafe yana kwaikwayon kiwon tsuntsun har ya kusanci barewa, ba ya buƙatar nesa. Abin da ya koya don kibiya shi ya yi wa bindiga amfani.

Aikin maƙeri

Maƙeran baƙi na wannan yanki sun gāji narka tama da ƙirar fartanya da hauya da mashi da bakin kibiya. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke da sassa masu motsi, ko wanda ake tsare wuta a cikinsa. Bindiga ta kawo musu matsaloli biyu sababbi, kuma a kansu gwani ke bambanta da ɗan koyo.

Amma kafin a kai gare su akwai abin da ya riga kome. Bindigar da ake ɗurawa ta baki ba ta nuna ko da ciki take. Mahalbi kan dawo daga daji bai halba ba, ya rataye ta a ɗure, ajali ya riske shi, ta yi shekaru a haka. Albarushi kuwa in bai jiƙe ba ba ya mutuwa. Don haka maƙeri mai hankali yakan fara zura sandar ɗuri cikin bututun, ya sa alama, ya fitar ya gwada ta waje, ya ga ko ta kai gindi. In ba ta kai ba, akwai abu a ciki, kuma ba a kusantar da ita ga wutar maƙera sai an fitar da shi. Masu gyaran tsofaffin bindigogi a ko'ina cikin duniya da wannan suke farawa.

Matsala ta farko bututu ce. Toka da albarushi ke bari tana jan laima, laima ta kawo tsatsa, tsatsa kuwa daga ciki take ci, inda ido ba ya gani, musamman a gindi inda wuta ta fi ƙarfi. Ta waje ana iya goge ƙarfe da mai da toka ko lallausan yashi ya yi ƙyalli, alhali cikinsa ya zama kamar itacen da gara ta ci. Ƴar kafar da wuta ke shiga ma takan faɗaɗa da yawan aiki har ta riƙa feso wuta wajen fuskar mai halbi. A Turai an daɗe da sanin wannan haɗari, shi ya sa aka kafa gidan gwajin bututu na Birmingham a 1813, inda ake ɗura wa kowane bututu fiye da ƙima a halba kafin a buga masa hatimi. Na Liège hatiminsu harufan ELG ne cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma wanda ya kankare tsatsa a gindin tsohuwar bindiga yana iya cin karo da su. Hatimin shaida ce ta inda ƙarfen ya fito, amma ba ya ba da tabbacin kome game da ƙarfen da ya shekara 100 yana shan damina. Gwajin maƙerin ƙauye ya yi kama da na Turawan, sai dai nasa a bayan gari ne: a ɗaure bindiga jikin itace, a ja kunama da doguwar igiya daga inda aka fake.

Da motoci suka yawaita, maƙera a Nijeriya da Nijar da Gana suka gano cewa bututun sitiyarin tsohuwar mota yana iya maye gurbin na Turai, daga nan kuma ƙirar bindiga sukutum ta samu a gida. Waɗanda ba su samu wannan ba, ko suka nemi araha, sukan koma ga bututun ruwa, wanda ɗinki ne da shi a tsawonsa kuma ba don wuta aka yi shi ba. Yatsun da aka rasa ta wannan hanya ba su da iyaka. Wani haɗarin kuma na baya-bayan nan ne: garin da ke cikin harsashin zamani ya fi albarushin gargajiya ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wanda ya zuba shi cikin tsohon bututu ya haƙa wa kansa rami.

Matsala ta biyu ita ce sifirin da ke tura kunama. Ƙarfe ne da ake so ya lanƙwasa ya dawo sau dubbai. In an ba shi ruwa ya yi tauri da yawa sai ya karye, in bai ji ba sai ya saki, kunama ta sara ba ƙarfi, bindiga ta ƙi tashi a gaban dabba. Babu ma'auni a maƙera sai ido, watau launin da ƙarfe ke nunawa a wuta. Tsofaffin sifirin na mota da magagari da ya ƙare su ne suka zama ma'adinin wannan aiki. Maƙera da yawa kuma sun juya bindigogin ƙanƙara suka koma masu ɗan ƙoƙon tagulla da ke kama wuta in kunama ta doke shi, dabarar da Turai ta yi tun farkon rabin ƙarni na 19, domin ta fi jure iska da yayyafi. Bindigar da aka yi wa haka ta rasa ƙanƙararta, amma ba ta rasa sunan mai ita ba.

Ƙota aikin masassaƙi ce, ko maƙerin da ya iya gizago. Wurin da ta fi karyewa shi ne wuyanta, inda hannun dama ke kamawa. In tsagewa ce kawai, sai a naɗe ta da ɗanyar fata jiƙaƙƙiya, wadda in ta bushe takan matse kamar ƙarfe, ko a ɗaure da wayar tagulla. In ta ƙare sai a sassaƙa sabuwa da itace mai tauri, kuma da alama daga nan sunan baushe ya samo asali, domin itace ne da aka saba yin baka da sanda da shi. Baduku ya biyo baya da maratayi da jakar albarushi da rufin layu. Ashe bindiga ɗaya takan bi ta hannun masu sana'a uku kafin ta koma gida. In don yaro ake gyaran, a nan ne ake rage tsawon ƙota don ta zauna masa a kafaɗa, wani lokaci a datse bakin bututun da ya cinye, abin da ke rage nauyi kuma. Doguwar bindigar da ta kusa kai tsayin mutum takan gajarce daga tsara zuwa tsara.

Gado

Guy Nicolas, wanda ya yi bincike mai zurfi a kwarin Gulbin Maraɗi kuma ya buga babban littafinsa a 1975, ya nuna cewa a tsarin Anna, watau masu bin al'adar gargajiya, kowane dangi yana da gadonsa: waɗansu noma, waɗansu ƙira, waɗansu su, waɗansu halbi. Gado a wannan ma'ana ya wuce dukiyar da ake rabawa bayan mutuwa. Ya haɗa sana'a da asirinta da abubuwan da aka hana mai ita da kuma alkawarin da ke tsakanin dangin da iskokin wurin aikinsu. Mahalbi shi ke da daji. Shi ya san wace dabba ce ba a halbi sai da shiri, shi ya san maganin dafi da na sara, kuma sau da yawa shi ne ke fara shiga inda za a kafa sabon gari. Musulunci ya rage bukukuwan da ke tattare da wannan, amma bai kawar da tunanin cewa halbi na masu shi ne ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji masu iya magana, kuma mahalba sun fi kowa sanin barewa.

Saboda haka bindiga ita ce ta ƙarshe cikin abin da ake ba yaro. Yakan fara da danƙo da tarkon tsuntsu, ya bi manya farauta da kare da sanda, ya koyi sawu da iska da haƙurin kwanto, ya ɗauki jakar ubansa shekaru yana kallon yadda ake auna albarushi. Ranar da aka kai tsohuwar bindiga maƙera dominsa, shaida ce cewa an ga hankalinsa ya kai. A shari'a bindiga dukiya ce da magada duka ke da rabo a cikinta, amma a al'ada kayan sana'a sukan bi wanda ya riƙe sana'ar, kuma iyalai sukan daidaita tsakanin biyun.

Sai dai dajin da aka yi gadon dominsa ya riga bindigar ƙarewa. Zaman lafiyar da ya biyo bayan shata iyaka ya buɗe ƙasar da yaƙi ya rufe, manoma suka bazu suna kafa ƙauyuka, noman gyaɗa ya ƙara cin daji, fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙarasa abin da gatari ya bari. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maraɗi, fiye da 500,000 daga cikinsu a gundumar Gidan Rumji kaɗai. Gazawa, wadda Barth ya gani a bakin dajin giwaye, ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, gona na haɗe da gona daga can har iyaka. Abin da ya rage sai gandayen daji irin na Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado a ƙasar Agye, da goruba a kwarin Gulbin Kaba. Gaskiya ne tun shekarun 1980 sassaben zamani, watau barin tohon itatuwa a gona, ya dawo da itace mai yawa, kuma ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kan haka. Amma itacen gona inuwa ce ga zomo da fakara da zabin daji. Gwanki ba ya zama a cikin gero. Manyan namun da suka saura a jihar suna can arewa a gandun Gadabeji, wanda aka keɓe a 1955, inda a 2018 sai da aka ɗauko raƙuman dawa 8 a mota daga yankin Kure kafin a sake ganin irinsu.

Hukuma ma ta sa hannu. A farkon shekarun 1970 aka hana farauta a duk faɗin Nijar, kuma hanin ya daɗe fiye da shekara 20. Dokar 29 ga Afrilu 1998 ta sake tsara farauta da kare namun daji bisa izini da lokaci da jerin dabbobin da ba a taɓawa. A 1994 kuma an kafa hukumar ƙasa ta tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Tsara guda ta mahalba ta tashi a lokacin da sana'ar gidansu laifi ce a idon ma'aikatan gandun daji. Bindigogi da yawa a wannan zamani ne suka shiga jinka suka yi tsatsa, waɗansu kuma suka koma kayan biki, ana cika su da albarushi ba darma, a halba sama ranar hawan salla ko naɗin sarauta, aikin da ba ya neman saiti, sai ƙara da hayaƙi.

A shekarun baya-bayan nan wani dalili ya sake fito da su. Ta'addancin ƴan bindiga na Zamfara da Sakkwato da Katsina ya tsallako iyaka, da satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa, kuma a 2019 dubban ƴan gudun hijira suka shigo ƙauyukan gundumar Gidan Rumji. Kalmar ƴan bindiga kanta, wadda a da take nufin bayin sarki masu tsaron fada, ta koma sunan ɓarayin daji. A irin wannan hali saurayin da aka gyara wa bindigar kakansa ba barewa ake tunanin zai tara da ita ba, kuma shekarun koyon sawu da haƙuri da a da ke gaban miƙa ta babu mai jiran su. Ƙarfen da ke hannunsa na tsarin da aka tsayar a 1890 ne: halbi ɗaya, sa'an nan ya tsaya ya zuba albarushi, ya tura darma da sanda, ya ɗana. Wanda zai zo masa da dare a kan babur yana riƙe da Kalashnikov mai cin harsashi 30 a ɗuri guda.